An yi mini tayin aikin kare masu tuƙi cikin maye a Texas, ina neman shawara

Ɗan Zazzau a Houston:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da 'yan'uwa da suka san harkar shari'a a Amurka, musamman a jihar Texas. Na yi digirin shari'a a gida, na halarci makarantar horas da lauyoyi, daga baya na zo Houston na yi digiri na biyu, kuma Allah ya ba ni nasara a jarrabawar samun lasisin aikin lauya ta jihar. Yanzu wani ƙaramin ofishin lauyoyi ya yi mini tayin aiki, sai dai kusan dukkan shari'o'in da suke karɓa iri ɗaya ne, wato kare mutanen da 'yan sanda suka kama bisa zargin tuƙi cikin maye, laifin da a wannan jiha ake kira DWI.

Abubuwa uku ne suka tsaya mini a rai. Na farko, ban fahimci yadda lauya zai shafe shekaru yana aiki a kan laifi guda ɗaya ba, domin a ganina idan na'ura ta nuna mutum ya sha ya wuce iyaka, magana ta ƙare, babu abin da ya rage sai yanke hukunci. Na biyu, ina so in san ko sana'ar tana da makoma, ko kuwa mutum zai shiga ne ya maƙale a lungu ɗaya har ƙofofin sauran fannonin shari'a su rufe masa. Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne mahaifina bai ji daɗin labarin ba ko kaɗan. Ya ce bai tura ni karatu don in zama lauyan mashaya ba, kuma ni kaina ban samu amsar da zan ba shi wadda za ta gamsar da ni ba, balle ta gamsar da shi. Duk wanda yake da masaniya, ina roƙon ya taimaka.

Tsohon Barista:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a lasisin. Na daɗe ina aikin kare waɗanda ake tuhuma da laifi a kotunan wannan jiha, kuma kaso mai yawa na aikina irin wannan shari'a ce, saboda haka zan amsa tambayarka ta farko da ɗan tsawo.

Dokar Texas ta ba mai gabatar da ƙara hanyoyi biyu na tabbatar da maye. Ko dai ya nuna cewa barasar da ke jikin direba ta kai 0.08, wato giram 0.08 a cikin mililita 100 na jini ko a cikin lita 210 na numfashi, ko kuma ya nuna cewa direban ya rasa daidaiton hankalinsa ko na gaɓoɓinsa saboda wani abu da ya sha, ko da babu wata lamba. Wannan iyaka ta 0.08 ita ce a dukkan jihohi, in ban da Utah wadda ta sauko da tata zuwa 0.05 a ƙarshen shekarar 2018. Direban babbar mota kuwa iyakarsa 0.04 ce. Amma kafin a kai ga lambar akwai matakai da yawa, kuma doka ta gindaya wa hukuma sharaɗi a kowane mataki. Aikinka shi ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka duba ko an cika sharuɗɗan.

Matakin farko shi ne tsayar da mota. Tun a 1979 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Delaware da Prouse, cewa ɗan sanda ba shi da ikon tsayar da direba haka kawai don ya ga dama, sai da dalilin zargi da zai iya bayyanawa. Kotun ta halatta shingen binciken mashaya a 1990 a wata shari'a daga jihar Michigan, amma Texas tana cikin jihohin da ba a kafa irin wannan shinge. Don haka tambayarka ta farko a kowane fayil ita ce: me ya sa aka tsayar da shi? Idan rahoton ɗan sanda ya ce motar tana kauce wa layi, sai ka zauna ka kalli bidiyon kyamarar da ke motar 'yan sanda da wadda ke ƙirjin jami'in. Idan alƙali ya yarda cewa tsayarwar ba ta bisa ƙa'ida, duk shaidar da aka samu bayanta tana iya faɗuwa, har da sakamakon gwajin jini.

Mataki na biyu shi ne gwaje-gwajen bakin hanya guda uku da hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, ta tsara. Akwai na ido, inda direba yake bin alƙalami ko yatsa da kallo, jami'in kuma yana neman wata rawa da ƙwayar ido take yi. Akwai tafiya taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsu, a juya a dawo. Akwai tsayuwa a kan ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Kowane gwaji yana da yadda ake bayar da umarninsa da yadda ake ƙirga alamominsa, kuma littafin horas da jami'an da kansa ya ambaci cewa wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon baya ko ƙafa ko kunne, ko mai ƙiba sosai, yana iya kasawa ko da bai sha komai ba. Lauyoyin da suka ɗauki sana'ar da muhimmanci sukan je su yi kwas ɗin da 'yan sanda suke yi, domin idan jami'i ya hau akwatin shaida su tambaye shi daga cikin littafinsa. A nan kuma akwai abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye: wanda Turancinsa bai nuna ba, aka zuba masa umarni cikin sauri da tsakar dare a gefen babbar hanya, yakan fara tafiya kafin a ce ya fara, kuma wannan kaɗai alama ce da ake rubuta masa.

Mataki na uku shi ne ɗaukar numfashi ko jini. A 2013, a shari'ar Missouri da McNeely, Kotun Ƙoli ta ce raguwar barasa a jini da wucewar lokaci ba ta isa ita kaɗai ta zama hujjar ɗibar jinin mutum ba tare da izinin alƙali ba. A 2016 kuma, a shari'ar Birchfield, ta bambanta tsakanin biyun: ana iya gwada numfashin wanda aka kama ba tare da takardar alƙali ba, amma jini sai da ita ko da yardarsa. Abin da ya biyo baya shi ne manyan biranen Texas sun tanadi alƙalai masu sa hannu a takardar ko da ƙarfe uku na dare, saboda haka shari'o'in jini sun yawaita ƙwarai, kuma dole ka iya karanta rantsuwar da jami'i ya rubuta don neman takardar, ka gwada ta da abin da bidiyo ya nuna.

Wani abu da sababbin lauyoyi suke mantawa shi ne kamu ɗaya yana haifar da shari'a biyu. Akwai ta laifi a kotu, akwai kuma ta lasin tuƙi wadda ake yi a gaban alƙalin hukuma. A Texas kwana 15 kacal direba yake da su don neman zaman sauraro, idan suka wuce lasin ya tafi: kwana 90 ga wanda ya faɗi gwaji a karon farko, kwana 180 ga wanda ya ƙi bayarwa. A gari irin Houston, inda wanda ba shi da mota kusan ba shi da aiki, da yawa daga cikin waɗanda za ka wakilta lasin ya fi damunsu fiye da tara. Ga lauya kuma zaman yana da wani amfani, domin dama ce ta kiran jami'in ya yi bayani a ƙarƙashin rantsuwa tun kafin a je gaban kotu.

Game da hukunci, karon farko ƙaramin laifi ne mai tarar da ba ta wuce dala 2,000 ba da ɗauri har kwana 180, amma idan lambar ta kai 0.15 sai ya hau mataki na sama. Karo na uku babban laifi ne mai ɗaurin shekara 2 zuwa 10, idan kuma an yi asarar rai, shekara 2 zuwa 20. Ka kuma cire wa ranka cewa kullum za ka tsaya kana jawabi a gaban mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci. Mafi yawan shari'o'in da sasantawa da mai gabatar da ƙara suke ƙarewa. Yininka zai tafi ne a kallon bidiyo, da rubuta buƙatu zuwa ga kotu, da jira a farfajiyar kotu da safe, da amsa wayar mutanen da suka kwana a tsare a karon farko a rayuwarsu.

'Yar Damagaram:

Barista ya yi bayanin ɓangaren doka, ni kuma zan ƙara da na kimiyya, kasancewar a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, ko da yake na asibiti ne. Ɗan'uwa, zaton da kake yi cewa lambar na'ura ita ce ƙarshen magana shi ne zaton yawancin mutane, kuma yana da kyau ka san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni.

Na'urar numfashi, wadda Robert Borkenstein ya ƙirƙiro samfurinta da ya yi fice a 1954, ba ta taɓa jini. Iskar da ta fito daga huhu take aunawa, kuma an gina lissafinta a kan cewa barasar da ke cikin mililita 2,100 na numfashi daidai take da wadda ke cikin mililita 1 na jini. Wannan ƙiyasi ne na gama-gari, kuma yana bambanta daga mutum zuwa mutum, har ma a jikin mutum ɗaya daga sa'a zuwa sa'a. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce ga yawancin mutane ƙiyasin yana sauko da lambar ne ƙasa da ta jini, don haka kada ka ɗauka kullum na'urar tana zaluntar direba. Matsalar takan zo ne daga wasu wurare: idan akwai ragowar barasa a baki saboda gyatsa ko amai, wanda shi ya sa ake wajabta wa mai gwajin ya zauna da mutum minti 15 kafin ya hura, ko kuma idan ba a daidaita na'urar yadda ya kamata ba.

Maganar daidaitawa ba ƙaramar magana ba ce. A 2018 kotun ƙolin jihar New Jersey ta ce ba za a dogara da sakamakon gwaji fiye da 20,000 ba, saboda jami'in da ke daidaita na'urorin ya tsallake mataki ɗaya na auna zafi da ma'aunin da aka amince da shi. A 2023 kotun ƙolin Massachusetts ta buɗe wa kimanin mutum 27,000 ƙofar neman a sake duba shari'o'insu, bayan ta tabbata cewa ofishin da ke kula da na'urorin jihar ya ɓoye takardun da suka nuna gazawar wasu daga cikinsu. A Massachusetts ɗin, lauyoyi masu kare direbobi ne suka nace da neman takardun har abin ya fito fili.

Gwajin jini ya fi inganci, amma shi ma hannun ɗan'adam ne yake yinsa. Ana duba irin kwalbar da aka zuba jinin da sinadarin da ke hana shi lalacewa, da yadda aka ajiye shi, da sunayen duk waɗanda ya bi ta hannunsu, da takardun da injin tantancewa ya fitar a ranar. A 2011, a shari'ar Bullcoming da New Mexico, wadda ita ma ta tuƙi cikin maye ce, Kotun Ƙoli ta ce wanda ake tuhuma yana da haƙƙin yi wa ainihin ma'aikacin da ya tabbatar da sakamakon tambayoyi, ba a aiko wani abokin aikinsa ya karanta takarda ba. Sannan akwai batun lokaci. Doka tana magana ne a kan halin direba a lokacin da yake tuƙi, jinin kuwa sau da yawa sai bayan sa'a ɗaya ko biyu ake ɗiba. Jiki yana rage barasa da kimanin 0.015 a kowace sa'a, amma wanda bai daɗe da sha ba lambarsa hawa take yi kafin ta fara sauka, don haka lissafin komawa baya yana buƙatar sanin lokacin da ya sha da abin da ya ci. Idan ba ka son ilimin sinadarai da lissafi, za ka sha wahala a wannan fanni.

Ma'aikaciyar Jinya:

Da girmamawa ga Barista da 'yar'uwata, ni na fi fahimtar mahaifin wannan yaro. Ina aikin dare a sashen gaggawa, kuma daren Juma'a da na Asabar mun san abin da motar asibiti take kawo mana. A 2022 mutum fiye da 13,000 ne suka mutu a Amurka a haɗurran da aka samu direba da barasa ta kai 0.08 ko ta wuce, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan waɗanda suka mutu a hanya. A 1982 adadin ya kai kimanin 21,000, kuma abin da ya sauko da shi shi ne tsanantawa. Ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, MADD, an kafa ta ne a 1980 bayan wani direba da aka sha kamawa da wannan laifi ya kashe 'yar wata mata mai suna Candy Lightner, yarinya mai shekara 13, a California. Matsin lambar irin waɗannan mata ne ya kai ga dokar tarayya ta 1984 da ta sa jihohi suka mayar da shekarun sayen giya 21, da ta shekarar 2000 da ta tilasta musu karɓar iyakar 0.08 ko su rasa wani kaso na kuɗin gina hanyoyi.

Ban musa cewa akwai wanda ake kamawa bisa kuskure ba. Amma Barista, ina roƙonka ka faɗa wa ƙaninka gaskiya: cikin mutum goma da suke shigowa ofishinka, nawa ne ba su sha ba? Idan aka kori ƙarar wanda ya bugu saboda ɗan sanda ya yi kuskure a takarda, mutumin nan gobe zai sake hawa mota, kuma mu ne za mu karɓi wanda zai buge. Allunan tallan lauyoyin nan da ke gefen manyan hanyoyi, masu gaya wa mutane kada su hura na'ura su kira lamba kaza, ni ban ga wani kare tsarin mulki a cikinsu ba, kasuwa kawai na gani. Wanda yake da ilimin shari'a na ƙasashe biyu yana da wuraren da aka fi buƙatarsa, ko a harkar shige da fice ko a shari'ar iyali.

Almajirin Malamai:

Assalamu alaikum. Ni ba mai bayar da fatawa ba ne, amma zan kawo abin da malamai suke dubawa a irin wannan mas'ala, domin ɗan'uwanmu ya samu abin da zai je wa malaminsa da mahaifinsa da shi.

Wakilci a gaban alƙali abu ne da malaman fiƙihu suka sani kuma suka halatta tun da daɗewa. Iyakar da suka sanya masa tana cikin faɗin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 105, inda aka hana zama mai jayayya domin kare maha'inta, da kuma Suratul Ma'ida, aya ta 2, inda aka hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Akwai kuma hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi gargaɗi cewa wani yana iya fin abokin shari'arsa iya tsara hujja, kuma duk wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya, yanki ne na wuta aka yanka masa. Wannan shi ne ɓangaren da ya ƙarfafa maganar mahaifinka da ta Hajiya mai aikin jinya.

A ɗaya ɓangaren, ƙa'ida ce tabbatacciya cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma mafi yawan malamai suna kan cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. Ko a mazhabar Malikiyya, inda haddin shan giya bulala 80 ne, alƙali ba ya zartarwa sai ta hanyoyin tabbatarwa da aka sani. Saboda haka neman hukuma ta tabbatar da zarginta ta hanyar da ta dace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bambancin da nake gani shi ne tsakanin lauyan da yake cewa “ku kawo hujjarku mu duba” da wanda yake cewa “bai sha ba” alhali ya san ya sha, ko yake koya wa mutum ƙaryar da zai faɗa. Na farko yana da madogara, na biyu kuwa shaidar zur ce ko da wace riga ta sanya.

Abin da ya fi wuya shi ne shari'ar da aka ji wa wani rauni ko aka kashe shi, domin a nan haƙƙin bawa ya shigo, kuma hadisin da na ambata ya fi kusa da ita. Ina ba ka shawara ka tambayi masu ofishin tun yanzu ko za su bar ka ka janye daga shari'ar da zuciyarka ba ta natsu da ita ba. Idan kuma za ka yi wa mahaifinka bayani, kada ka fara da sunayen shari'o'in Kotun Ƙoli. Ka gaya masa abin da za ka yi da abin da ba za ka taɓa yi ba, sannan ka saurare shi, domin yardarsa tana da nata nauyin.

Tsohon Barista:

Hajiya, tambayarki tana kan hanya kuma ba zan kauce mata ba. Mafi yawansu sun sha. Wasu sun sha ba su kai iyaka ba, wasu sun wuce ta nesa, kaɗan ne ba su sha komai ba, kamar mai ciwon sukari ko wanda gajiya ta kama bayan aikin dare. Sai dai korar ƙara saboda kuskuren jami'i ba ta yawaita kamar yadda allunan talla suke nunawa ba, kuma ni ma ba na son allunan. Sun samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1977 da ya halatta wa lauyoyi talla. Abin da ya fi faruwa ga wanda shaida ta yi masa ƙarfi shi ne lauyansa ya zaunar da shi ya gaya masa cewa ba za a ci wannan shari'a ba, a nema masa sassauci bisa sharuɗɗa: kwas na wajibi, gwajin barasa lokaci zuwa lokaci, da na'urar da ake haɗawa da mota wadda ba za ta bari inji ya tashi ba sai direba ya hura. Tun daga Satumban 2019 Texas ta ba da damar jingine hukunci ga mai laifin farko da lambarsa ba ta kai 0.15 ba, idan ya cika sharuɗɗa. Sau da yawa lauya ne mutum na farko da yake iya gaya wa mashayi cewa yana da matsala har ya saurara, domin ya san sirrinsa ba zai fita ba. Iyakar da Malam ya ja kuma tana cikin ƙa'idojin sana'ar: wanda ya gabatar wa kotu shaidar da ya san ƙarya ce yana iya rasa lasisinsa.

Ƙanena, saura tambayarka ta biyu. Ta fuskar kuɗi, an hana lauya a shari'ar laifi ya ɗaura ladansa a kan samun nasara, saboda haka yawanci kuɗi ne tsayayye da ake yankewa tun farko, wani lokaci a biya kashi-kashi. Abin da ya sa wasu suke tsayawa a wannan fanni shi ne waɗanda ake kamawa da wannan laifi sun bambanta da sauran masu laifi. Akwai injiniyoyi, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, mutanen da suke da aikin da za su rasa kuma suke iya biya. Amma gasar tana da zafi, kuɗin talla a intanet yana cinye kaso mai yawa, kuma ofishin da yake tara fayil fiye da ƙarfinsa yakan koma wurin da ake tura kowa ya amsa laifi. Kafin ka sa hannu, ka tambaye su shari'a nawa suka kai gaban kotu aka yi ta har ƙarshe a bara, fayil nawa kowane lauya yake riƙe da shi, kuma ko za su biya maka kuɗin kwasa-kwasan. Akwai ƙungiyar ƙasa ta lauyoyin wannan fanni, NCDD, wadda take horaswa har take bayar da shaidar ƙwarewa.

Ba na ganin za ka maƙale. A cikin shekara biyu ko uku za ka yi wa 'yan sanda da masana kimiyya tambayoyi a kotu fiye da yadda takwaranka na babban kamfani zai yi a shekara goma, kuma wannan ƙwarewa tana aiki a kowace shari'ar laifi da ta diyyar haɗari. Fannin kansa yana sauyawa. Uber da Lyft, kamfanonin motocin haya da ake kira ta manhajar waya, sun sauƙaƙa wa mutane komawa gida ba tare da tuƙi ba, kuma dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta umarci NHTSA ta tsara ƙa'idar sanya fasahar gano maye a sababbin motoci. A lokaci guda shari'o'in wiwi da na ƙwayoyi suna ƙaruwa, kuma kimiyyarsu ta fi ta barasa rikitarwa, domin yawan sinadarin wiwi a jini ba ya tafiya daidai da girman maye. Idan wata rana ka koma gida, wannan ɓangaren ne zai fi yi maka amfani, tunda abin da ya fi damun hanyoyinmu na Arewa shi ne tiramadol da kodin da makamantansu, kuma sana'ar kare masu tuƙi cikin maye ita kaɗai ba ta da kasuwar da za ta riƙe lauya a can.

Abu na ƙarshe ya haɗu da shawarar Hajiya game da shige da fice. Tun hukuncin Padilla da Kentucky na 2010, wajibi ne lauya ya sanar da wanda ba ɗan ƙasa ba abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa a Amurka. Kamun tuƙi cikin maye kaɗai, tun kafin a yanke hukunci, yana iya sa a soke bizar ɗalibi ko ma'aikaci, yana kawo cikas wajen neman zama ɗan ƙasa, kuma Kanada tana iya hana wanda aka samu da laifin shiga ƙasarta. Direban babbar mota kuwa yana rasa lasinsa na aiki shekara guda a karon farko ko da a ƙaramar motarsa aka kama shi, a karo na biyu kuma har abada. Lauyoyin da suka iya ɓangarorin biyu ba su da yawa, saboda haka idan ka karɓi aikin, ka nemi su bar maka fayilolin baƙi tun daga watan farko.